Tambayoyin da kuke tare ni da su bayan sujada

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, da wuya a tashi sujada ran Lahadi a Sabon Gari wani bai ja ni gefe da ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ba. Ga amsoshin a rubuce, mu huta da maimaici.

Wahalar nan horo ce saboda zunubina?

Ba lallai ba. A Yohanna 9 almajirai sun yi wannan tambayar kan wanda aka haifa makaho, Yesu ya ce ba laifinsa ba ne, ba na iyayensa ba. In ka san abin da ka yi, ka tuba. In ba ka sani ba, bar tone-tone.

Nawa zan kai wa mai addu'a don ƙofa ta buɗe?

Ko kwabo! Haba ɗan'uwa, kuɗin haya a hannunka, yara an koro su daga makaranta, ka ɗauka ka sayo man addu'a a 'yar kwalba? Siman mai sihiri ya yi tayin kuɗi don ya sayi kyautar Allah, ka duba Ayyukan Manzanni 8 ka ga tsawar da Bitrus ya yi masa.

In sha magani ko in tsaya ga addu'a?

Duka biyun. Luka ma likita ne. Masu bishara ne suka buɗe asibitin ido na ECWA a nan Kano tun 1943, kuma ba don bangaskiyarsu ta gaza ba.

Shagona ya durƙushe. In koma gida ko in daure a Kano? Ta yaya zan gane nufin Allah?

Wannan ba ni da amsa guda. Lokacin yunwa Allah ya ce wa Ishaku ya zauna, kada ya gangara Masar (Farawa 26). Ɗansa Yakubu kuwa, shi ma cikin yunwa, aka ce masa ya tafi kada ya ji tsoro (Farawa 46). Don haka wanda ya tsinko maka aya ɗaya ya ce ga hukuncinka, ka yi hattara da shi.

Fara da roƙon hikima, kamar yadda wasiƙar Yakubu 1:5 ta ce. Sannan ɗauko littafin shagon ka zauna da matarka: bashi nawa ne a kanka, nawa kake bi, yaushe haya za ta ƙare, akwai gona a gida ko ta shiga hannun wasu? Yesu da kansa ya ce mai gini ya fara yin lissafi (Luka 14:28). Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 na ga waɗanda suka sake kafa rumfa, na ga waɗanda suka ɗaure kaya suka tafi, ba kuma zan ce wani ya fi wani bangaskiya ba.

Mafarki fa? Yana iya zama wani abu, yana iya zama damuwar da ka kwana da ita. Kai wa fasto ko dattijon da ba ya bin ka bashi, ku auna tare. Kuma kada ka yanke shawara cikin yunwa da rashin barci. Sai da mala'ika ya ba Iliya abinci da ruwa, ya huta, kafin ya ji muryar Ubangiji a dutsen Horeb.

Na yi azumi, na yi addu'a, shiru.

'Yar'uwa, ba a manta da ke ba. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ƙayar ba ta fita ba, shi kuma bai faɗi ba. Ki yi kukanki a gaban Allah, Zabura 13 da “har yaushe” ta fara.

Ina jin kunyar a san halin da nake ciki.

Kunyar nan ta ishe ni. Ki zo coci da sabon anko, gida ba a ɗora tukunya ba, wa zai sani? Ki sami shugabar Zumuntar Mata ko ɗaya daga cikin dattawa a wannan makon ki faɗa masa a asirce.