Kujerar Wassily

Kujerar Wassily kujera ce ta bututun ƙarfe wadda Marcel Breuer, ɗan ƙasar Hungari da aka haifa a garin Pécs a 1902, ya zana tsakanin 1925 da 1926, lokacin da yake shugabantar sashen kafintoci a Bauhaus, makarantar fasaha da ƙira da ke Dessau a Jamus a lokacin. Sunanta na farko a kasuwa shi ne B3. Ana lissafa ta cikin kujerun zaman falo na farko da aka ƙera da lanƙwasasshen bututun ƙarfe, kuma tun daga wancan lokaci ƙirarta ta ratsa hannun kamfanoni huɗu a ƙasashe uku.

Breuer ya samo dabarar ne daga kekensa ƙirar Adler, domin ya lura cewa ƙarfen kan keken ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa, amma yana ɗaukar nauyin mutum ba tare da ya karye ba. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne bututu marar ɗinki irin wanda kamfanin Mannesmann ya ƙware wajen yi, saboda bututun da aka naɗe aka haɗa bakinsa da walda yakan tsage a wurin haɗin idan aka tanƙwara shi. Kamfanin keken bai nuna sha'awar shiga harkar kayan ɗaki ba, don haka Breuer ya nemo bututun da kansa, ya haɗa samfurin farko da taimakon ma'aikacin ƙarfe. A wannan samfuri an liƙa sassan da walda, aka kuma shafe su da nikel.

Ba a daɗe ba ya sake ƙirar. Ya koma ɗaure sassan da noti, abin da ya ba da damar a ƙera kowane sashe daban, a kai shi nesa a kwance, sannan a haɗa kujerar a inda za a sayar da ita. Wannan gyara, wanda ido ba ya saurin kamawa, shi ne ya fitar da kujerar daga ɗakin gwaji ya kai ta masana'anta. Ƙafafun suka zama doguwar sanda mai kwanciya a ƙasa, daga baya kuma shafen kurom mai ƙyalli ya maye gurbin nikel. Mazauni da majingina da madafan hannu duk an yi su da wani yadi mai ƙarfi da ake kira Eisengarn, wanda ake saƙawa da zaren auduga da aka jiƙa da kaki aka goge har ya yi ƙyalli. Margaretha Reichardt, ɗaliba a sashen saƙa na Bauhaus, ta yi aiki wajen inganta shi. Ana ɗame yadin sosai a jikin firam ɗin, ta yadda jikin mai zama ba ya taɓa ƙarfe.

Breuer bai miƙa ƙirar ga makarantar ba, lamarin da ya jawo saɓani tsakaninsa da hukumarta. Shi da wani ɗan ƙasarsu, Kálmán Lengyel, suka kafa kamfanin Standard-Möbel a Balin domin sayar da kayan ɗakinsa na ƙarfe. Kamfanin bai yi ƙarfi ba, a 1929 kuwa kamfanin kayan ɗaki na Thonet ya saye shi. Thonet ya riga ya yi suna tun ƙarni na 19 wajen lanƙwasa katako da tururi, ga shi kuma da masana'antu da dillalai a ƙasashe da yawa, sai dai B3 ba ta jima a jerin kayansa ba. An rufe Bauhaus a 1933, Breuer ya tafi Ingila a 1935, sannan Amurka a 1937, kujerar kuma ta ɓace daga kasuwa na tsawon shekaru.

Wanda ya dawo da ita shi ne Dino Gavina, mai masana'antar kayan ɗaki a yankin Bologna na Italiya, wanda ya sami izinin Breuer ya fara ƙera ta a 1962. Shi ne ya raɗa mata suna Wassily, bayan ya ji cewa mai zane Wassily Kandinsky, abokin aikin Breuer a Bauhaus, ya yaba samfurin farko har aka yi masa guda domin gidansa. Wannan ne tushen kuskuren da ya yaɗu cewa saboda Kandinsky aka zana ta. A zamanin Gavina ne kuma fatar shanu mai kauri ta zama abin da aka fi sanin kujerar da shi, maimakon yadin asali.

A 1968 kamfanin Knoll na Amurka ya sayi kamfanin Gavina, kuma har yau shi ke ƙera kujerar da wannan suna, yana buga tambarinsa da sa hannun Breuer a jikin ƙarfen domin bambanta ta da kwaikwayon da ya cika kasuwa. Breuer ya nufi kujerar da injin zai fitar da yawa a kan araha, amma lanƙwasa bututu da goge shi da ɗinkin fata suna cin aikin hannu mai yawa, shi ya sa ta Knoll ta tsaya a sahun kaya masu tsada. Irinta mai naɗewa, wadda Breuer ya sa wa lamba B4, kamfanin Tecta na Jamus ne ke yin ta da sunan D4.