Cakuɗa harshe ba rikicewa ba ce

An daɗe ana cewa yaron da ke cakuɗa Hausa da Turanci wajen ba da labari ya rikice. Ba haka ba ne. Abin da ya wuce ya fi saurin faɗo wa mutum cikin harshen da aka yi shi, kamar yadda binciken masana halayyar ɗan Adam Marian da Neisser na shekarar 2000 kan masu jin Rashanci da Turanci ya nuna. Shi ya sa labarin gidan kaka ke fitowa da Hausa, na makaranta da Turanci.

Abin da ke kashe hirar uwa da 'yarta kan abin da ya wuce shi ne tambayar e ko a'a. Gara uwa ta ce, "Wa muka tarar? Me Kaka ta ba ki?" In yarinya ta amsa da Turanci, kada a katse ta. A maimaita mata da Hausa, a ƙara wata tambayar.