Ribar noman lambu a tsofaffin filayen kuza na Jos: tambayoyi da amsoshi

Wane irin fili ake nufi?

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a Filato, manyan kamfanoni kuma suka ci gaba da ita har zuwa lokacin da kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985. Abin da aka bari a Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da bakin kogin Dilimi shi ne tsibin ƙasa da manyan ramuka da suka cika da ruwa. Da wannan ruwan 'yan lambu ke noman kabeji, karas, latas, tumatir da koren wake a lokacin rani, sanyin tsaunin kuma yana taimaka musu.

Me ya bambanta lissafin ribarsa da na fadama?

Ƙasar da aka tone ta rasa ƙarfinta, domin ta sama ta binne, yashi da tsakuwa sun fito fili. Saboda haka manomi yana zuba kashin kaji, takin zamani da tokar bola fiye da yadda mai fadama zai zuba, kuma kakar farko takan cinye kuɗi ba ta mayar ba. A ganina kuskure ne a yanke wa irin wannan fili hukunci da shekara ɗaya. Ya kamata a raba kuɗin gyaran ƙasa a kan shekaru uku ko huɗu kafin a ce an ci riba ko an faɗi.

Wane lokaci ne kaya ke tsada?

Daga Janairu zuwa Maris kayan gwari kan cika kasuwa, saboda girbin Jos yana haɗuwa da na Kano da Kaduna, sai farashin kwandon tumatir ya faɗi a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, lokacin da noman rani ya ƙare kuma na damina bai nuna ba, farashi kan tashi sosai. Sai dai wanda ya jinkirta shuka don ya riski wannan tsada yana biyan ta tun a bazara: ruwan rami ya ja baya, ana ƙara tsawon mesa, injin ban ruwa yana shan fetur, wanda ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Ga kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Arewa a 2016, kuma zafi ne ke ƙara mata ƙarfi. Tsadar kwando kaɗai ba ta nuna riba, sai an ga kwando nawa gonar ta bayar a watan.

To yaya ake lissafin?

A rubuta kowane amfani daban, kowace kaka daban: iri, taki, magani, fetur, ƙwadago, hayar fili, kuɗin mota da la'adar dillali. Sannan a cire abin da ya ruɓe, wanda 'yan lambu da yawa ba sa sakawa a lissafi, alhali latas ba ya kwana biyu, karas da kabeji kuma suna iya jure tafiya har kasuwar Mile 12 a Legas.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai yiwuwarsa, domin ragowar haƙar ma'adinai da tokar bola na iya ɗauke da dalma da makamantanta. Gwajin ƙasa da ruwa kafin shuka kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafin kakar farko.