Waiwaye: Su Wa Suka Rubuta Tarihin Sarakunan Rum?

Duk wanda ya taɓa jin sunan Nero, sarkin Rum daga shekarar 54 zuwa 68 Miladiyya, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ya cinna wa birninsa wuta ya koma gefe yana rera waƙa. Labarin ya kusa shekara dubu biyu yana yawo, amma idan aka bi salsalarsa za a tarar yawancin abin da aka sani game da sarakunan Rum na farko daga alƙalamin mutum uku ya fito: Tasitus, Suwetoniyus da Kasiyus Diyo. Tasitus da Diyo 'yan majalisar dattawa ne, Suwetoniyus kuwa magatakarda ne a fadar Sarki Hadriyan, wato dukansu manyan gari ne, rukunin da sarauta ta rage wa iko tun zamanin Agustus, sarkin daular na farko. Sarkin da ya ba majalisa girmanta ya fita da suna mai kyau, wanda ya taka ta kuwa ya gamu da fushin masu alƙalami bayan ransa.

Gobarar watan Yulin 64 ta isa misali. Tasitus, wanda yake yaro ƙarami a lokacin, ya ce daga unguwanni 14 na birnin, uku sun ƙone ƙurmus, bakwai sun lalace, huɗu kaɗai suka tsira. Ya kuma ce Nero yana garin Antiyum sa'ad da wutar ta tashi, da ya dawo ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya sa aka kawo abinci, ya karya farashin hatsi. Zancen waƙar nan a matsayin jita-jita ya kawo shi. Suwetoniyus, wanda ko haifarsa ba a yi ba a shekarar, da Diyo, wanda ya yi rubutu bayan fiye da shekara ɗari, su ne suka mayar da jita-jitar tabbataccen zance. Shi kansa Suwetoniyus ya yarda cewa an daɗe ana samun masu kai furanni kabarin Nero, alamar talakawa ba su ƙi shi kamar yadda manya suka ƙi shi ba. Yusifus, marubucin nan Bayahude da ya rayu a zamanin, ya koka cewa wasu sun yabi Nero saboda alherin da suka samu daga gare shi, wasu kuma sun yi masa ƙarya saboda ƙiyayya.

Labarin Domishiyan, wani sarkin Rum da ya zo bayan Nero, ya fi ba ni tausayi. Da aka kashe shi a 96, majalisa ta yanke hukuncin a kankare sunansa daga gine-gine, a kayar da mutum-mutuminsa, alhali sojoji suna juyayi, domin ya ƙara musu albashi da kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda suka rubuta tarihinsa a ƙarƙashin magadansa suka yi aikin, kuma sabon gidan sarauta yana bukatar a ɓata na baya kafin nasa hasken ya fito. Tasitus bai ɓoye cewa a zamanin Domishiyan ya sami ƙarin muƙami ba. Filini Ƙarami ma, wani marubuci ɗan majalisa, haka ya ci gaba a zamanin, sai ga shi a shekarar 100 ya miƙe a majalisa yana kambama Sarki Tarajan ta hanyar zayyana laifukan Domishiyan. Mutumin da ya ci arzikin azzalumi yana da dalilin nuna cewa a kan tilas ya yi shiru.

Wannan duka ba wanke sarakunan nan ba ne. Nero ya sa an kashe mahaifiyarsa Agirifina a 59, ya azabtar da Kiristoci bayan gobarar, Domishiyan kuma ya kashe 'yan majalisa da dama. Abin da masana na baya-bayan nan suke yi shi ne auna maganar marubuta da shaidar da ba ta bi ta hannunsu ba, irin su tsabar kuɗi, rubutun jikin duwatsu da kufan gine-gine. Tsabar kuɗin Domishiyan ta nuna ya inganta azurfar dinarin Rum a farkon mulkinsa. A garin Misenum, kusa da Nafoli, an tono mutum-mutumin tagulla na wani sarki bisa doki: jikin na Domishiyan ne, amma an yanke fuskarsa an liƙa ta Nerba, wanda ya gaje shi.