Fitila mai rage kanta: ma'anarta da yadda ta faro a motoci

Direbobi sun san fitila iri biyu: doguwa, wadda ake cewa ful, da gajeriya, wato dim. Fitila mai rage kanta ita ce wadda mota ke sauke ta daga ful zuwa dim da kanta idan ta hango wata motar, ta kuma mayar da ita idan hanya ta buɗe. Kada a haɗa ta da AUTO ɗin da ke kunna fitila idan duhu ya yi. Wancan yana auna hasken gari ne kawai, wannan kuwa fitilun wasu motocin yake nema.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da ita a 1952, a motocin Cadillac da Oldsmobile, da sunan Autronic Eye. A 1953 ta kai ga Buick da Pontiac da Chevrolet. Manyan sassanta uku ne. Akwai "ido" da ake kafawa kan dashbod ta gefen direba, yana leƙen hanya ta gilashin gaba, cikinsa da kwalbar da ke fitar da 'yar wutar lantarki idan haske ya buge ta. Akwai akwatin ƙara ƙarfin wannan wuta, mai kwalabe irin na tsofaffin rediyo. Sai rile, wanda ke sauya layin fitilar.

Sauke fitila ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce gane wane haske ne na mota. Wancan ido bai san siffa ko launi ba, yawan haske kaɗai yake aunawa. Fitilar titi, allon shago, har hasken motar kanta da ya dawo daga allon hanya, duk ɗaya ne a wurinsa, sai ka ga fitila tana sama tana ƙasa babu dalili. Jar fitilar bayan motar da kake bi kuwa ba ta da ƙarfin motsa shi sosai, don haka kana iya kashe wa na gabanka ido ta madubi. A 1958 aka kawo GuideMatic, ƙarama, da maɓallin da direba zai murɗa ya daidaita saurin jin hasken. Ta rage matsalar, ba ta kawar da ita ba. Ford da Chrysler ma sun yi nasu, amma a ƙarshen shekarun 1980 General Motors ya daina sa ta.

Kyamara ce ta dawo da ita. Jeep Grand Cherokee ta 2005 ta zo da SmartBeam na kamfanin Gentex: ƙaramar kyamara a bayan madubin tsakiya, da kwamfutar da ke duba launin haske da girmansa da yadda yake motsi, ta bambance farar fitilar mai tahowa da jar ta mai tafiya. Daga nan aka wuce batun sama ko ƙasa. Audi A8 ta 2013 tana da ƙananan ƙwayaye 25 a kowace fitila, tana kashe waɗanda ke haska motar da ke tahowa kawai, sauran hanya na nan a ful. Amurka, inda abin ya faro, ba ta halatta irin wannan ba sai a Fabrairun 2022.

Yawancin Toyota na baya-bayan nan da ake shigowa da su daga Amurka suna da mai sauƙin, wato mai sauya ful da dim kawai. Alamarta hoton fitila ne da harafin A. Ba ta ɗaga ful sai gudu ya kai wajen kilomita 30 zuwa 40 a awa, ya danganta da motar, shi ya sa wasu ke zaton ta lalace a cikin gari. Ƙurar hunturu ko tabo a gilashi daidai kyamarar yana makantar da ita. A kwana ko kan tudu takan makara. Babur marar fitilar baya, amalanke da mai tafiya a ƙasa ba ta sauke musu, nan dole hannunka ya koma kan sandar fitila. Idan kuma an canja gilashin gaba, sai an sake saita kyamarar da kwamfuta, in ba haka ba tana iya duban inda ba hanya ba.