Waiwaye: yadda tsoffin takardun inshora suka koma kuɗin share gurɓatacciyar ƙasa a Amurka

Mafarin maganar nan shi ne Love Canal, wata unguwa a birnin Niagara Falls na jihar New York. Tsakanin 1942 da 1953 kamfanin Hooker Chemical ya binne kusan tan 21,000 na sharar sinadarai a wani tsohon rami, ya rufe, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina makaranta da gidaje. A 1978 gubar ta addabi unguwar har aka kwashe ɗaruruwan iyalai. A watan Disamba na 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar CERCLA, wadda aka fi sani da Superfund, dokar da ke tilasta wa masu hannu a gurɓata fili su biya kuɗin share shi.

Dokar ba ta da sassauci. Ba ruwanta da ko an yi sakaci, ta haɗa har da sharar da aka zubar kafin a kafa ta, kuma hukumar kare muhalli ta EPA tana iya kama mutum ɗaya cikin masu hannu ta ce ya biya duka. Wanda ya sayi filin daga baya ma bai tsira ba. Kamfanonin da suka wayi gari da bashin miliyoyin daloli sai suka waiwayi inshorar da suka yi shekaru suna zuba wa kuɗi.

Inshorar da ake nufi ita ce mai biyan diyya idan harkar kamfani ta cutar da wani ko dukiyarsa. Akasarin takardun wancan zamani suna aiki ne da lokacin da ɓarnar ta auku, ba lokacin da aka kawo ƙara ba. Tankin man da ya fara yoyo a 1968, takardar 1968 ce ke da alhakinsa, ko da sai bana aka gano.

Kafin 1970 takardun ba sa cewa komai a kan gurɓata muhalli, shi ya sa su suka fi daraja. Daga 1970 aka fara liƙa musu togaciya, a 1973 ta shiga cikin fom ɗin da kowa ke amfani da shi: ba za a biya ba sai in gurɓatawar ta zo kwatsam kuma bisa tsautsayi. A 1986 aka toshe ƙofar gaba ɗaya.

Kalmar "kwatsam" ɗin nan ta ci kuɗin lauyoyi ba kaɗan ba. Kamfanonin inshora suka ce tana nufin abin da ya faru farat ɗaya, kamar fashewar bututu. Masu masana'antu suka ce abin da ba a yi tsammani ba ne, ko da ɗigo ne na shekara ashirin. Kotunan jihohi suka rabu. A 1993, a shari'ar Morton International, kotun ƙolin New Jersey ta ɗaure kamfanonin inshora da bakinsu, domin a 1970 sun gaya wa hukumomi cewa togaciyar ƙarin bayani ce kawai. Ta Indiana kuwa, a shari'ar Kiger ta 1996 kan wani gidan mai, ta ce togaciyar tana da harshen damo, don haka a fassara ta yadda za ta amfani wanda ya sayi inshorar. A Kalifoniya, hukuncin Montrose na 1995 ya ce duk takardar da ke aiki cikin shekarun da gubar ke yaɗuwa ta shiga ciki, a 2012 kuma, kan ramukan guba na Stringfellow, aka yarda a tattara kuɗin takardun shekara bayan shekara. Wasu jihohin raba kuɗin suke yi bisa shekaru, shekarar da ba a samo takardarta ba kuwa sau da yawa mai filin ne ke cikewa.

Daga nan aka samu sana'ar tonon tsoffin takardun inshora. Ana fara ta da jera tarihin filin: wa ya mallake shi, da wane suna, daga yaushe zuwa yaushe. Sai a bi littattafan akanta, tsoffin cek, fayilolin dillalin inshora, takardun haya da na bashin banki, da kundin tsoffin shari'o'i. Takardar ƙarin inshora ta sama, wato wadda ke biya bayan kuɗin ta farko ya ƙare, tana da amfani ƙwarai, don takan lissafa sunan kamfani da lamba da adadin kuɗin takardar da ke ƙarƙashinta. Asalin takardar ba dole ba ce. A 2002, a shari'ar Dart Industries, kotun ƙolin Kalifoniya ta karɓi irin wannan shaida muddin ta nuna muhimman sharuɗɗan.

Waɗanda abin ya fi yi wa rana su ne ƙananan 'yan kasuwa, musamman masu wankin tufafi da sinadarin PCE. Iyakar da EPA ta yarda da ita a ruwan sha mikirogiram 5 ce a lita, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya jawo aikin da ya fi ƙarfin shagon. A wasu jihohin kuɗin haƙa rijiyoyin gwaji da awon ƙasa yana shiga cikin kuɗin da kamfanin inshora ke kashewa wajen kare wanda ya sayi inshorar daga tuhuma, wanda galibi ba a cire shi daga adadin diyya.

Inda ake yin asara sananne ne. Jinkirin sanar da kamfanin inshora bayan takardar hukuma ta iso yana iya kashe haƙƙin. Kuɗin da aka kashe kafin sanarwa akan ce na ganin dama ne, ba a mayarwa. Akwai kuma togaciyar da ta cire filin mai inshorar kansa, sai dai kotuna da yawa sun ce ruwan ƙarƙashin ƙasa na jama'a ne, togaciyar ba ta shafe shi ba, don haka gwajin ruwan ya kamata a fara da shi. Wanda ya sayi kamfani ya duba ko haƙƙin inshorar ya biyo shi, ya kuma duba ko magabatansa ba su riga sun yafe shi a wani tsohon sulhu ba.

Sai a tabbatar mai biyan yana raye. Kamfanin Home Insurance ya rushe a 2003, masu bin sa suka koma layin rabon abin da ya saura. Tsoffin basukan Lloyd's, kasuwar inshora ta Landan, na 1992 zuwa baya an zuba su cikin Equitas, kamfanin da aka kafa domin su, a 1996, daga 2007 kuma kamfanin National Indemnity na Berkshire Hathaway ne ke kula da su.