Waiwaye: Yadda Ayar Farawa Ta Raba Kan Kirista a Kan Isra'ila

A watan Yunin 2025, ɗan jaridar nan na Amurka, Tucker Carlson, ya titsiye Sanata Ted Cruz a kan dalilin goyon bayansa ga Isra'ila. Cruz ya ce tun yana yaro aka koya masa a coci cewa wanda ya sa wa Isra'ila albarka zai sami albarka, wanda ya la'ance ta kuma zai sha la'ana. Da aka tambaye shi inda ayar take, sai kame-kame. Carlson bai ƙyale shi ba, ya ƙara da tambayar da ta fi wuya: shin Isra'ilar da ke cikin Littafi Mai Tsarki ita ce ƙasar da Netanyahu ke shugabanta? Su biyun Kirista ne, littafi ɗaya suke karantawa, amma kowa da inda ya dosa.

Ayar tana Farawa 12:3. Wanda ya buɗe wurin zai ga da Ibrahim ake magana, tun ba a haifi jikansa Yakubu ba, wanda shi ne aka laƙaba wa suna Isra'ila. Gardamar duka a kan magaji take: wa ya gāji wannan alkawari?

Shekaru fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar amsar ikkilisiya ba ta da kwana. Manzo Bulus ya rubuta wa Galatiyawa cewa zuriyar da aka yi wa alkawarin Almasihu ne, kuma duk wanda ke na Almasihu zuriyar Ibrahim ne. Daga nan malamai suka ɗauka ikkilisiya ce sabuwar Isra'ila. Augustine, babban malamin ikkilisiya na zamanin dā, shi ma ya koyar da cewa warwatsuwar Yahudawa shaida ce ga gaskiyar Kiristanci. Wannan fahimta ba tsarkakakkiya ba ce, don a ƙarƙashin inuwarta Turai ta daɗe tana gallaza wa Yahudawa. A 1904, da Theodor Herzl, jagoran fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ya je neman goyon bayan Paparoma Pius na Goma a kan kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, hannu rabbana ya dawo.

Sauyin daga Ingila ya taso. Tun ƙarni na 17 wasu Furotestan suke wa'azin cewa Yahudawa za su koma ƙasar kakanninsu kafin Yesu ya dawo. Amma wanda ya ɗinke zancen ya zama tsari shi ne John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882. Darby ya ce Allah yana da jama'a biyu da shiri biyu: ikkilisiya rabonta a sama, Isra'ila rabonta a ƙasa, ba a gauraya su. Za a fyauce masu bi zuwa sama, sannan Allah ya koma kan alkawuran ƙasa da ya yi wa Yahudawa, harafi da harafi. Koyarwar ta ƙetare teku ta sami gindin zama a Amurka. A 1891, shekara shida kafin Herzl ya kira babban taronsa na farko, wani mai wa'azi, William Blackstone, ya tara sa hannun manyan mutane fiye da 400 ya kai wa Shugaba Benjamin Harrison, yana roƙon a mayar wa Yahudawa Falasɗinu.

Abin da ya kai koyarwar har cikin ɗakunan talakawa shi ne bugun Littafi Mai Tsarki na Cyrus Scofield a 1909. Dabararsa ita ce nassi a sama, sharhinsa a ƙasa, a shafi ɗaya. Manomi ya buɗe Littafin Farawa, idonsa ya sauka ƙasan shafi, ya tarar an ce duk al'ummar da ta tsananta wa Bayahude ba ta ƙare da kyau ba. Yau da gobe, mai karatu ya daina bambanta maganar sama da ta ƙasa. A ganina nan ne ayar ta tashi daga kan Ibrahim ta koma kan siyasa.

Da aka kafa Isra'ila a 1948, sannan ta kama gabashin Urushalima a yaƙin 1967, masu wannan ra'ayi suka ce ga annabci nan ido na gani. Daga nan sai ƙungiyoyi: wani ofishi mai kiran kansa jakadancin Kiristan duniya a Urushalima a 1980, sai wadda Fasto John Hagee ya kafa a 2006. Hagee ɗin ne ya yi addu'ar rufe taro ranar 14 ga Mayu 2018, lokacin da Amurka ta mayar da ofishin jakadancinta Urushalima.

Masu adawa ba su rasa nasu ayoyin ba. Suna jan Romawa 9:6, inda Bulus ya ce ba duk wanda ya fito daga Isra'ila ne Isra'ila ba. Suna tuni da Littafin Firistoci, inda Allah ya ce ƙasar tasa ce, mazaunanta baƙi ne, kuma za ta amayar da masu ƙazantar da ita. Wato zama a cikinta da sharaɗi. Ɗaya ɓangaren su mayar da Romawa 11, inda Bulus ɗin dai ya ce Allah bai yar da mutanensa ba, ba ya kuma janye baiwarsa da kiransa. Wasiƙa ɗaya, babi biyu tsakani. Cocin Katolika ta bi ta tsakiya: a 1965 ta daina ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin gicciye Yesu, ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a 1993, ta amince da ƙasar Falasɗinu a 2015, duk a matsayin harkar diflomasiyya, ba cikar annabci ba.

Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne Kiristan Falasɗinu. Naim Ateek, limamin Anglika, yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kori iyalinsa daga garin Beisan a 1948, suka koma Nazarat. Mutum irin wannan, ta yaya zai tsaya a bagade ya karanta wa jama'arsa cewa korarsu cikar alkawari ce? A 2006 shugabannin coci huɗu a Urushalima, ciki har da Michel Sabbah na Katolika da Munib Younan na Lutheran, suka fitar da sanarwa suna kiran koyarwar nan ta cewa kafa ƙasar Isra'ila cikar annabci ce ta ƙarya.

Zancen ya iso mu nan gida. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1992. A Disamban 2014, zamanin Goodluck Jonathan, ta ƙaurace wa ƙuri'a kan ƙudurin Falasɗinu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙudurin ya sami takwas alhali tara ake nema. Maziyartanmu kuwa, masu dawowa da JP (wato wanda ya ziyarci Urushalima) a bayan suna, kusan ba mai tsallake Baitalami, wadda ke Yammacin Kogin Jordan, inda iyalan Kirista Falasɗinawa suka gāji sana'ar sassaƙa gicciyen itacen zaitun da ake kawo wa 'yan uwa tsaraba.